Robert Boyle: Bawan Allah Wanda Ya Binciki Tsami Da Kanwa

Karatu: Karin Magana 25:20, Zabura 111:1-4, 1 Tasalonikawa 5:21



Wanda ya shiga kasuwar Sankaryaare a Wagadugu zai tarar da mata sun baza tsamiya, da lemun tsami, da zoɓo, da kanwa. Kowace uwa ta san aikin waɗannan abubuwa. Idan miyar yakuwa ta cika tsami, sai ta jefa 'yar kanwa ko ta zuba ruwan toka, miyar ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Ba ta shiga makaranta domin ta koyi wannan ba, a wurin uwarta ta gani. Amma me ya sa kanwa take kashe tsami? Ta yaya kuma mutum zai gane abu mai tsami ba tare da ya sa shi a harshensa ba, tun da akwai ruwan da ɗigo ɗaya nasa yakan ƙone baki? Yau za mu dubi rayuwar wani mutum wanda ya ba da shekaru da yawa ga irin waɗannan tambayoyi, mutum mai tsoron Allah kuwa. Sunansa Robert Boyle.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Robert Boyle ran 25 ga Janairu, 1627, a gidan sarauta na Lismore, a ƙasar Ailan. Shi ne ɗa na 14 a wurin iyayensa, na bakwai cikin 'ya'ya maza. Ubansa, Richard Boyle, Bature ne daga Ingila wanda ya shiga Ailan a 1588 da ɗan abin hannu kaɗan, ya tara gonaki da filaye har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran zamaninsa, aka naɗa shi hakimin Cork. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: yawancin dukiyar nan ta fito ne daga ƙasar da Ingilishi suka karɓe daga hannun mutanen Ailan.

Dukiya ba ta tsare yaron daga wahala ba. Uwarsa, Catherine, ta rasu a 1630, yana da shekara uku. Ya tashi da in'ina, jikinsa kuma ba mai ƙarfi ba ne. Ciwon ido da ciwon ƙoda sun bi shi har tsufansa. Yana da shekara 8 aka kai shi makarantar Eton a Ingila. A 1639 ubansa ya aike shi da wansa Francis zuwa birnin Janeba tare da wani malami Bafaranshe mai suna Isaac Marcombes.

Daren hadari a Janeba

A Janeba ne abin da ya juya rayuwarsa ya faru. Wata rana da dare, yana da shekara 13, aka yi babban hadari da tsawa da walƙiya. Ya farka a firgice, ya ɗauka ranar shari'a ce ta zo, ya kuma ga cewa bai shirya ba. A cikin tsoron nan ya yi wa Allah alkawari zai ba da sauran ransa ga bauta masa. Da gari ya waye, hadari ya wuce, rana ta fito, sai ya ji kunya cewa tsoro ne kaɗai ya sa shi yin alkawarin. Saboda haka ya sāke yinsa cikin natsuwa, da rana tsaka, domin ya tabbata daga zuciyarsa ya fito. Shi da kansa ya rubuta wannan labari daga baya.

Kada mu zaci daga nan komai ya zama da sauƙi. Ba da daɗewa ba shakka mai nauyi ta auka masa game da tushen bangaskiyar Kirista, har baƙin ciki ya kai shi ga tunanin kashe kansa. Ya yi watanni cikin wannan duhu. Bai ɓoye shakkar ba, bai kuma gudu daga gare ta ba. Ya zauna ya bincika dalilan bangaskiyarsa, ya karanta abin da mabiya waɗansu addinai suke faɗa, domin ba ya so ya zama Kirista don kawai an haife shi a gidan Kirista. Daga baya ya koyi Helenanci da Ibrananci domin ya karanta Littafi Mai Tsarki cikin harsunan da aka fara rubuta shi. Irin wannan shakka ta riƙa komo masa lokaci lokaci har ƙarshen ransa, amma bai saki Ubangiji ba.

Ya tafi Italiya, yana birnin Fulorans sa'ad da masanin taurari Galileo ya rasu kusa da can a Janairu 1642. A lokacin nan tawaye ya riga ya tashi a Ailan tun 1641, kuɗin da ubansa yake aikowa ya yanke. Uban ya rasu a 1643. Da Robert ya koma Ingila a 1644, yana da shekara 17, ya tarar ƙasar tana cikin yaƙin basasa. Yayarsa Katherine, wadda aka sani da Lady Ranelagh, ita ce ta karɓe shi. Ta zama masa uwa da abokiyar shawara har mutuwa.

Ɗakin gwaje-gwaje

Ya zauna a gidan gonar da ya gāda a Stalbridge, yana rubuce-rubuce a kan halin kirki da ibada. A 1649 ya kafa ɗakin gwaje-gwaje da tanderu, ya ji daɗin aikin ƙwarai. Wajen 1655 ya koma Oxford, ya ɗauki wani saurayi mai fasahar hannu, Robert Hooke, ya zama mataimakinsa. Tare suka ƙera famfo mai zuƙe iska daga cikin tulun gilashi. Suka ga cewa in an zuƙe iskar, kyandir yakan mutu, ƙarar agogo takan ɓace, tsuntsu kuma ba ya iya numfashi. A 1662 ya buga abin da har yau 'yan makaranta suke koya da sunan dokar Boyle: idan an ninka matsin da ke kan iska sau biyu, wurin da take ci yakan ragu zuwa rabi, muddin zafinta bai sāke ba.

A zamaninsa masana suna bin koyarwar mutanen dā cewa kowane abu an yi shi ne da ƙasa, da ruwa, da iska, da wuta. Waɗansu kuma suna cewa da gishiri, da kibiritu, da zaiba. A 1661 Boyle ya fitar da littafi mai suna The Sceptical Chymist, wato masanin sinadarai mai shakka, inda ya nuna cewa gwaji bai tabbatar da ko ɗaya daga cikin koyarwar biyu ba. Ƙa'idarsa ita ce a gwada, a rubuta abin da aka gani dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa, a rubuta har gwajin da bai yi nasara ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ta Royal Society a London a 1660.

Furen da yake ba da shaida

Yanzu mu zo kan tsami da kanwa. Masana suna kiran abubuwa irin su ruwan lemun tsami, da ruwan tsamiya, da ruwan batir, asid. Dangin kanwa, da ruwan toka, da sodar yin sabulu kuwa, suna kiransu alkali. Kada a haɗa wannan kalma da alƙalin kotu. Ta fito ne daga Larabci, ma'anarta tokar tsire-tsire.

Kafin Boyle, yawancin mutane da harshe suke rarrabe su: asid yana da tsami, alkali yana da ɗaci da santsi a hannu. Wannan hanya tana da haɗari, kuma ba ta da tabbas. A kantunan magani na Ingila ana sayar da wani ruwan zaƙi mai launin shuɗi da ake yi da ƙaramin furen da Turawa suke kira bayolet. Boyle ya ɗiga shi a kan farar takarda. Da ya ƙara ɗigon asid, sai shuɗin ya koma ja. Da ya ƙara ruwan toka a wani ɗigon, sai ya koma kore. Marina da masu zane sun riga sun san wani abu game da sākewar launi, amma Boyle ne ya bi abin da haƙuri, ya gwada asid iri iri da alkali iri iri, da furanni da 'ya'yan itatuwa masu yawa, har ya nuna cewa wannan hanya ce da za a dogara da ita. Ya buga sakamakon a 1664 cikin littafinsa a kan launuka. Daga baya ya riƙa jiƙa takarda da ruwan furen, ya shanya, ya yi amfani da ita wajen gwada ruwan maɓuɓɓuga. Takardar gwaji da ake gani yau a makarantu da asibitoci jikar wannan ce.

Kai ma za ka iya ganin abin da idonka. Ka jiƙa zoɓo ba tare da sukari ba, ka raba shi kofi biyu. A ɗaya ka zuba ruwan kanwa kaɗan kaɗan, za ka ga jan ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Ka matsa lemun tsami a ciki, sai ya yi kumfa, jan ya komo. Abin da ke ba zoɓo launinsa dangi ne na abin da ke cikin furen da Boyle ya yi aiki da shi.

Da wannan gwaji ya iya faɗin halayen asid a fili: yana da tsami, yana narkar da abubuwa da yawa, yana mai da shuɗin fure ja, kuma idan ya gamu da alkali dukan halayen nan sukan ɓace. Ya gane wani abu kuma. A lokacin akwai likitoci masu koyar da cewa kowane abu a duniya ko asid ne ko alkali, dukan cututtuka kuma daga faɗan su biyu suke fitowa. Boyle ya nuna akwai abubuwa da yawa da ba sa sāke launin furen ko kaɗan, wato ba su cikin kowane gefe. A 1675 ya rubuta ƙaramin littafi yana ƙin wannan koyarwa.

Abin da ke faruwa idan sun haɗu

Idan asid da alkali sun haɗu daidai gwargwado, sukan kashe ƙarfin juna, abin da ke fitowa shi ne wani irin gishiri da ruwa. Abin mamaki, asid irin wanda ke cikin cikin mutum, idan an haɗa shi da sodar sabulu mai ƙuna, abin da ke saura gishirin miya ne da ruwa. Idan kuwa asid ya sauka a kan kanwa, ban da gishiri da ruwa akwai iska da take fita, irin wadda muke fitarwa cikin numfashi. Ita ce kumfar da uwa take gani a tukunyar yakuwa. Marubucin Karin Magana ya san wannan tun shekaru dubbai da suka wuce. A sura 25 aya 20 ya kwatanta mai yi wa mai baƙin ciki waƙoƙin murna da mai zuba ruwan tsami a kan kanwa. Kalmar Ibrananci da ke wurin tana nufin irin kanwar da ake haƙowa a Masar. Annabi Irmiya ma, a sura 2 aya 22, ya ambaci wanka da kanwa da sabulu, ya ce ba su isa su wanke laifi a gaban Allah ba.

Idan asid ya ci ƙarfe, wata iska dabam take fita. Boyle ya zuba asid a kan garin baƙin ƙarfe, ya ga iskar da ta tashi tana kama wuta. Ita ce aka sa wa suna haidurojin fiye da shekara ɗari bayan haka. Alkali kuwa idan aka dafa shi da mai, sai ya zama sabulu, kamar yadda mata suke yin sabulun salo da ruwan toka da man kaɗanya. Marinan Ƙofar Mata a Kano ma da toka suke haɗa baba, gama sai a ruwa mai alkali shunin yake narkewa ya shiga zare. Zanen yakan fito daga rijiyar da launin kore-kore, iska ta buge shi, sa'an nan ya zama shuɗi.

Boyle bai san dalilin dukan waɗannan ba. Waɗanda suka zo bayansa ne suka ɗora. A 1884 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya buɗe hanyar gane cewa ƙwayar haidurojin da asid yake saki cikin ruwa ita ce tushen ƙarfinsa. A 1909 Søren Sørensen na Danmak ya kawo ma'aunin da ake kira pH. A kansa 7 ne tsakiya, wurin ruwa mai tsabta. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 alkali. Lemun tsami yana wajen 2, jinin mutum mai lafiya kuwa yana tsakanin 7.35 da 7.45.

Ga gargaɗi ga iyaye. Sodar yin sabulu idan an narkar da ita kamar ruwan sha take a ido, haka ma ruwan batir. Yara da yawa a ƙasashenmu sun ƙone maƙogwaro domin an ajiye irin wannan ruwa a kwalbar lemo ko a kofi. Ku ajiye shi nesa da yara, a rufe. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi lemun tsami ko kanwa da nufin kashe ƙarfinsa, gama haɗuwarsu tana ta da zafi, ta ƙara ƙunar. A kai shi asibiti nan da nan. Idan a fata ko ido ya zuba, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci. Kada kuma a haɗa ruwan jabel da wani abu mai asid, domin iskar da take tashi guba ce.

Inda ya yi kuskure

Boyle mutum ne, ya yi kuskure. Ya ga cewa ƙarfe yakan ƙara nauyi idan an gasa shi, ya zaci ƙwayoyin wuta ne suke shiga ciki. Sai bayan shekara ɗari Antoine Lavoisier na Faransa ya nuna cewa wani sashe na iska ne yake haɗuwa da ƙarfen, abin da ke kawo tsatsa ke nan. Har ila yau, duk da shakkarsa, Boyle ya gaskata har mutuwarsa cewa za a iya mai da darma zinariya. Ya ɓatar da kuɗi da lokaci a kan haka, wani mazambaci Bafaranshe kuma ya yaudare shi ya ci kuɗinsa. Mai hikima ma yana iya faɗuwa a wurin da zuciyarsa take marmari.

Dukiyarsa da Maganar Allah

Bai yi aure ba. A 1668 ya koma London ya zauna a gidan yayarsa Katherine. A 1670 shanyewar jiki ta kama shi, ya warke a hankali, ya ci gaba da aiki ta wurin faɗa wa magatakarda su rubuta. An roƙe shi ya zama limamin ikkilisiya, ya ƙi. Bai ji kira a zuciyarsa ba, ya kuma ga cewa mutane za su fi sauraron shaidarsa idan sun san ba albashi yake ci a kanta ba. A 1680 aka zaɓe shi shugaban Royal Society, ya ƙi wannan ma, domin lamirinsa bai yarda da rantsuwar da ake bukata ba. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa yakan ɗan dakata kafin ya ambaci sunan Allah.

Babban burinsa shi ne kowace al'umma ta ji Maganar Allah cikin harshenta. Daga 1662 zuwa 1689 ya shugabanci ƙungiyar da ta tallafa wa John Eliot, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen 'yan asalin Massachusetts a Amurka, aka gama bugawa a 1663. Ya taimaka da kuɗi aka buga Sabon Alkawari da Turkanci a 1666, da Bisharu huɗu da Ayyukan Manzanni da harshen Malay a 1677. Bai manta da ƙasar haihuwarsa ba. Ya biya aka ƙera haruffan ɗab'i, aka sāke buga Sabon Alkawari da harshen Ailan a 1681, Tsohon Alkawari kuma ya fito karo na fari a 1685. Mu da muka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 mun san darajar irin wannan aiki.

Duk da haka lamirinsa bai huta ba game da dukiyar Ailan, musamman kuɗin filayen da dā na ikkilisiya ne. Ya ba da kaso mai yawa ga matalautan limamai da mabukata. A shekararsa ta ƙarshe ya nemi shawarar bishop biyu, Gilbert Burnet da Edward Stillingfleet, yana tambaya ko ya yi abin da ya kamata. Mutumin da ya gwada ruwa da fure ya yarda a gwada shi shi ma.

A 1690 ya fitar da littafi yana nuna cewa binciken halitta yana taimakon mutum ya zama Kirista na gari, gama mai duban aikin sosai zai girmama Mai aikin. Katherine ta rasu ran 23 ga Disamba, 1691. Bayan mako guda, ran 31 ga Disamba, shi ma ya bi ta, yana da shekara 64. An binne su a majami'ar St Martin-in-the-Fields a London. Cikin wasiyyarsa ya bar kuɗi domin a riƙa yin wa'azi kowace shekara don kāre bangaskiyar Kirista, aka fara a 1692.

Abin tunani

Ɗan'uwa, ruwa biyu suna iya zama fari fat a ido, ɗaya na sha, ɗaya mai ƙuna. Sai an gwada ake sani. Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa su gwada kowane abu, su riƙe mai kyau. Idan kana da ɗa mai yawan tambaya a kan abin da ya koya a makaranta, kada ka tsorata, kada ka rufe masa baki. Idan kai ne kake fama da shakka a ɓoye, ka tuna Boyle ya bi ta wannan hanya tun yana yaro, ya kawo shakkarsa a fili, ya bincika, Ubangiji kuwa ya riƙe shi shekara hamsin. Idan kuma akwai wani abu a hannunka wanda lamirinka yake tuhumarka a kansa, ka nemi dattijo mai tsoron Allah ku duba shi tare tun kana da rai.

Addu'a

Ya Uba, Mahaliccin kowane abu, mun gode maka domin hikimar da ka sa cikin ayyukan hannunka, har cikin tsamiya da kanwa. Ka ba mu zuciya mai son gaskiya, mai yarda da kuskure. Ka riƙe masu shakka a cikinmu, ka tsare 'ya'yanmu daga haɗari, ka koya mana mu yi amfani da abin da muke da shi domin Maganarka ta kai ga kowane harshe. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.